Tsagar da Aka Rufe

Ni mai hoto ne. Na daɗe da shago a Gomari, ɗan ɗaki ɗaya mai labule da aka zana teku a jiki, inda mutanen da ba su taɓa ganin teku ba suke tsayawa a ɗauke su. Mahaifina Bakano ne, fatauci ya kawo shi Maiduguri ya zauna, a nan aka haife ni. Da gari ya rikice, aikin biki da na suna ya mutu murus. Wa zai tara jama'a ya kira mai hoto alhali ba a san abin da wani zai shigo da shi a cikin riga ba? Abin da ya rage mini sai hoton fasfo na masu neman katin abinci, da wani aiki da ban taɓa zaton zai ciyar da ni ba, wato gyaran hotunan waɗanda suka mutu da waɗanda suka ɓata. Mace za ta kwance bakin zane ta fito da ɗan hoto duk ya sha gumi, ta ce in ƙara masa girma. Sai in sa a kwamfuta, in goge tabo, in cike inda ya yage, in wanke mata. Na iya aikin, kuma ba na ɓoyewa, ina fariya da shi.

A bayan shagona akwai gidan wata tsohuwa Kirista, ungozoma ce da ta ajiye aiki tun ina ƙarami. Rabin 'ya'yan layinmu a hannunta suka faɗo, har da ni. Kowa Kaka yake ce mata. Ni kuwa maigidana take ce mini, irin wasan kaka da jika, ni ma ba na raga mata. In ta zo wucewa sai ta leƙo ta ce, "Maigida, yau ma haka za ka bar ni da yunwa?" In ce, "Ki fara nemo haƙora tukuna." 'Ya'yanta duk sun bar gari tun farkon abin, sun yi roƙon duniya ta bi su, ta ce ita ba kaza ba ce da za a saka a kwando. Ta zauna abinta, jiragen yaƙi suna tashi ta kan rufinta tana tsince wake.

Wata rana da hantsi ta shigo shagon ba wasa a fuskarta. Ta zauna a benci sai da numfashinta ya dawo, sannan ta warware wani ƙyalle, ta fito da littafinsu na addini, ta buɗe tsakiyarsa. Takarda ce guda ɗaya, ta yi ja don tsufa, gefe ɗaya a yage. An zana fuskar wata yarinya da fensir, ba za ta wuce shekara shida ba, kai a aske, idanu a waje, kumatu cike da dogayen tsage daga gefen ido har haɓa. A ƙasa akwai rubutun boko da ya kusa gogewa.

Ta ce, "Uwata ce."

Ban taɓa tunanin Kaka tana da uwa ba. Akwai tsofaffin da kake gani kamar haka suka faɗo duniya da furfurarsu. Na jawo kujera, ta ba ni labari, ranar ko hoto ɗaya ban ɗauka ba.

Ta ce bayan Turawa sun ci ƙasa sun hana saye da sayar da mutane, amma cinikin bai mutu ba, daga fili ya tashi ya koma bayan gida. Manya sun yi wuyar ɓoyewa, sai aka koma kan yara. A sato su daga duwatsu, a sa musu riga, falke ya taho da su cikin ayari, duk wanda ya tambaya ya ce 'ya'yansa ne. To a wani mashigin kogi can kudu akwai wata Baturiyar mishan. Turawan mulki ba su bar 'yan mishan su shigo ƙasar sarakuna ba, sai ta kafa bukkarta a inda dole ayari ya tsaya jiran kwalekwale. In ta ga falke da yaro, sai ta ja shi gefe ta tambaye shi sunan ɗan nasa. In ya faɗa, ta koma bayan yaron ta kira sunan. Yaron da bai waiwayo ba, ta gama gane komai. Daga nan sai ta shige kwalekwalen ta zauna daram, ta ce ba mai haye ruwan nan sai an bar mata yaron. Masu fito suna tsoron taɓa Baturiya, fatake suna tsoron a daɗe har labari ya kai bariki. Da yawa sukan tsine mata su saki yaron su wuce.

Baturen mulkin yankin bai so ta ba ko kaɗan. Shi zaman lafiya yake so da manyan ƙasa, ita kuwa kullum tana tono masa abin da ya rufe ido a kai. Ya yi ta aiko mata da takarda ta daina, tana hura wuta da su. Zazzaɓi ya zubar mata da haƙora, kwinin, maganin zazzaɓin, ya mai da ita ruwan ɗorawa. Yaran da ta ƙwato ma tsoronta suke ji, don an gaya musu Turawa cin mutane suke yi. Kuma ba waliyiya ba ce, Kaka da kanta ta faɗa. Tana duka da rula, ta tsittsinke layun da ke wuyan yara ta zuba a kogi, ta raɗa musu sunayen da ba na iyayensu ba. Uwar Kaka takan ce, "Ta fi barkono zafi, amma ba ta taɓa kai loma bakinta ba sai mun ƙoshi."

Abin da ya fi damun Baturiyar shi ne mayar da yaran gida. Yawancinsu ƙanana ne, ba su san sunan garinsu ba, wasu ko harshensu ba mai ji. Sai ta lura kowace ƙabila da tsagarta, har kowane gari. Ita ba ta iya karanta tsaga ba, amma ta iya zane. Duk yaron da ya shigo hannunta sai ta zaunar da shi a rana ta zana fuskarsa a littafi, layi bayan layi. In rani ya yi ta hau jaki da littafin ta bi ƙauyuka tana nuna wa dattawa. Da haka ta mai da yara da dama ga iyayensu. Uwar Kaka ce aka kasa. An kai ta wajen masu irin dogayen tsagen nan, wani mutum ya fito ya ce tasu ce, yarinyar ta ƙanƙame ƙafar Baturiya tana ihu har ta yi fitsari a tsaye. Baturiya ba ta gane dalili ba, amma ta ɗauke ta suka juyo. Abin da yarinyar take iya tunawa na gida bai wuce dutse a bayan ɗaki da bishiyar tsamiya ba. Ina ne babu dutse da tsamiya?

Da ciwon ajali ya kama Baturiyar, ta sa aka kawo littafin, ta yayyage shafukan yaran da ba a gano gidansu ba, ta ba kowa nasa. Ta ce su ci gaba da tambaya. A bakin kogin aka binne ta, daga baya ruwa ya cinye kabarin. Ba ta yi aure ba, ba ta koma ƙasarsu ba, Kaka ma ba ta san sunanta na gaskiya ba.

Ina jin labarin nan sai wata tsohuwa ta faɗo mini a rai, a gidan kakana na Kano. In mun je hutu ita take mana wanka, a ɗakin da ke kusa da turken awaki take kwana, tsagarta ba irin ta kowa ba ce a gidan. Baba muke ce mata. Ba 'yar'uwarmu ba ce, kuma ban taɓa jin wani ya tambayi daga ina take ba. Ban gaya wa Kaka wannan ba.

Na ce, "To yanzu me kike so in yi?"

Ta ce, "Uwata ta yi tambaya har ta mutu. Ni aiki da haihuwa suka hana ni. Yanzu ka duba garin nan. Duk ƙauyukan da Baturiya ta kasa kaiwa a kan jaki, ga su an koro su sun zo har ƙofar gidana. Likita ya ce zuciyata ta gaji. Ina so in san garin uwata kafin in je in same ta. Takardar nan in ta sha hannu biyu za ta zama gari. Ka yi mini wata mai ƙwari."

Na karɓi aikin da zumuɗi. Na ɗauki takardar a na'ura na buɗe a kwamfuta, na ga duk ta yi dabbare-dabbare, ga tabon ruwa, ga kashin ƙuda, ga ɗige-ɗige ko'ina har a fuskar yarinyar. Na zauna yini guda ina gogewa. Na fito da dogayen tsagen nan raɗau, na share duk wani ɗigo da ke ƙarƙashin ido da gefen kunne, fuska ta yi sumul. Na wanke a takarda mai sheƙi na liƙe da leda. Kaka idonta ya riga ya yi yana, ta kai hoton kusa da hanci ta ce, "Kai maigida, ka mai da ita amarya." Na ji daɗi har cikin raina. Ta mai da ta asalin cikin littafinta ta kai gida.

Daga nan muka shiga yawo. An hana babur a lokacin, sai Keke Napep. In mun zo shingen sojoji in sauka in ɗaga riga, ita kuma ta zauna a ciki tana yi musu faɗa kamar jikokinta. Mun shiga makarantun da aka mayar sansani, mun shiga kangaye, mun shiga gidajen da mutum ɗaya ya sauke dangi arba'in. Duk inda muka je tsofaffi muke nema. Su karɓi hoton, su juya shi, su ce, "Wannan ai tsagar kowa ce. Daga nan har bakin Tafki haka ake yi." Wasu su ɗauka rajistar abinci muka zo yi, su yi layi. Wasu kuma, da sun ga muna nuna hoto muna tambaya, sai su fito da nasu. Na ga hotunan samari da 'yan mata da magidanta da ba zan iya ƙirgawa ba, kowa yana tambayarmu ko mun gan su a inda muka biyo. Mu muna cigiyar wadda aka sace tun zamanin Turawa, su suna cigiyar na bara.

Sau biyu muka je wani kango a Jiddari Polo, gidan sama da mai shi ya gudu bai ƙarasa ba. Mutanen duwatsu ne a ciki, sun kakkafa buhuna a tagogi. Akwai bulamansu, wato mai garinsu, tsoho tukuf, an ce ya san kowane gida na ƙauyensu har kaka da kakanni. Ya riƙe hoton ya daɗe, ya ce fuskar kamar ya san irinta, amma tsagar ba tasu ba ce. Ya yi mana addu'a muka tafi.

Haka rani ya ƙare, bazara ta shigo da zafinta. Ƙafafun Kaka suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ni kuma na gaji, ga shago a rufe rabin mako. Wata rana a hanya na ce, "Kaka, wanda ya mutu fa ya mutu. Ko kin san garin me zai ƙara miki?"

Ta ce, "Kai da ka san kabarin kakanka, ka san ƙofar gidansu a Kano, dole ka faɗi haka. Ni in an ce daga ina, sai in ce daga bakin kogi. Kifi ce ni?"



Wani mai sayar da banda da ke zuwa shagona ne ya ba ni labarin wani tsohon wanzami da ya gudo daga wajen Tafki, yana zama ƙarƙashin darbejiya a bakin Kasuwar Kifi ta Baga Road. Ya ce in dai tsaga ce, mutumin nan kamar allo yake karanta ta. Muka je da safe. Kasuwar rabinta a rufe, tunda hanyar ruwa ta toshe, amma warin banda yana nan ya kama ƙasa da bango. Muka same shi a kan buhu, zabirarsa a gefe, yana wasa aska. Siriri ne, hannuwansa ba sa rawa ko kaɗan duk da tsufa.

Ya ce, "Wushe, wushe. Iya, zauna nan inuwa." Gaisuwar Barebari ke nan, Hausarsa ma irin tasu ce, a hankali yake ajiye kowace kalma.

Na miƙa masa hoton. Bai ce tsagar kowa ce ba. Ya sa farcen babban yatsa yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya, ya kai ƙarshe ya sake komawa.

Ya ce, "Wannan ba tsagar jariri ba ce. Jariri ranar suna ake yi masa, fuska tana girma tsaga tana buɗewa, tana laushi. Wannan an yi wa yarinya mai wayo, tana fizge-fizge, an danne ta. Dubi nan, askar ta goce. Kuma sun yi kusa da juna da yawa. Ba a tsaga haka sai in ana rufe wani abu." Ya ɗago ya dubi Kaka. "Iya, ina na ƙasan?"

Kaka ta ce, "Wane na ƙasa?"

"Tsagar gidansu. Wadda aka haife ta aka yi mata. Ba ta ɓacewa duka, ko an bi ta kai."

Kaka ta rufe ido. Ta ɗaga yatsunta ta ɗora a fuskarta, ƙarƙashin ido, sannan gefen kunne. Ta ce, "Akwai wasu 'yan ƙanana kamar ƙwayar gero. Nan da nan. In ta ɗauke ni ina wasa da su. Na zaci zanzanar agana ce."

Wanzami ya sake duban hoton ya ce, "To mai zanen bai sa su ba."

Na tuna yinin nan da na yi ina bin ɗigo ɗaya bayan ɗaya ina sharewa, har ina 'yar waƙa. Da zan iya yin shiru, wallahi da na yi, don Kaka ba ta gani sosai kuma ba wanda zai sani. Amma bakina ya riga ni.

Na ce, "Ta sa su, Baba. Ni na goge. Na zaci datti ne."

Ya dube ni, ya miƙo mini hotona. Kaka ta miƙe ta nufi titi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai da muka yi nisa a Keke, mun kusa gida, sannan ta yi magana ba ta ko dube ni ba.

Ta ce, "Baturiyar da ba ta san ma'anarsu ba ta bar su yadda ta gan su."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Garin gyaran gira na tsone ido, kuma ba idona ba.

Washegari muka koma da takardar asali. Wanzami ya wanke hannu da ruwan buta ya goge a riga kafin ya karɓa. Ya karkata ta wajen haske. Ga su nan kuwa, ɗigo uku-uku ƙarƙashin kowane ido, da wasu a jere gefen kunne, an yi su da bakin fensir a tsakanin dogayen layukan, daban suke da kashin ƙuda ga duk mai ido. Ya ƙirga su da leɓɓansa. Sannan ya koma kan dogayen, ya tsaya a ƙarshensu wajen haɓa, ya daɗe a nan har na zaci ya manta da mu.

Ya ce, "Kin ga yadda kowane layi ya ɗan lanƙwashe a ƙarshe kamar ƙugiya? Hannun gidanmu ne. Haka kakana yake ɗaga aska, haka ya koya wa ubana, haka nake yi." Ya ajiye takardar a cinyarsa. "Fatake suna kawo masa yara. Ya bi ta kan tsagarsu da tamu, a jira ta warke, sai a wuce da su a ce 'ya'yan gida ne. Ubana yana yaro shi ke riƙe ƙafa. Har ya mutu ba ya son kukan yara. Shi ya sa na san tsagar duwatsu, Iya. Ba zuwa na yi ba. A gidanmu aka san su saboda mu muke rufe su."

Na dubi Kaka. Hannuwansa take kallo, ba fuskarsa ba. Mai banda na kusa da mu ya daina kiran masu saye.

Wanzami ya ce, "Ki yafe mana."

Ta ce, "Ba kai ka danne ta ba. Faɗa mini garin."

Ya faɗi sunan wani ƙauye a gindin dutse. Ba zan rubuta shi a nan ba. Kaka ta maimaita sunan, ta sake maimaitawa, tana gwada shi a bakinta. Ya ce yanzu ba kowa a can, yaran daji, wato 'yan bindigar da suka rikita ƙasar, sun ƙone shi tun shekarun baya, amma ya ji an ce ragowar mutanen suna wani kango a Jiddari Polo, gidan sama da ba a ƙarasa ba.

Kangon da muka je sau biyu da hotona mai sheƙi.

Ko gida ba mu biya ba. Da muka isa na tambayi bulama, wata mata mai dakan masara a ƙofa ta ce ai ya rasu cikin zafin nan, sati uku ke nan. Shi ne da zai iya sanin gidan da aka taɓa sace wa yarinya a zamanin da, da sunan ubanta, da waɗanda suka rage daga zuriyar. Ya riƙe fuskar nan a hannunsa ya ce kamar ya san irinta, ni na hana shi ganin sauran.

Matar ta ga yadda Kaka ta jingina da bango, ta ce akwai dai wata tsohuwa a sama, ita kaɗai ta rage mai irin tsagar da, amma ba ta jin Hausa kuma ba ta cika magana ba. Ta ajiye taɓarya ta ce za ta yi mana tafinta. Matattakalar ba ta da abin dafawa. Na ce wa Kaka ta bari in sauko da tsohuwar, ta ce a'a, ita ce baƙuwa, ita za ta je. Hawa ɗaya sai ta huta, ina riƙe da ita, ina jin zuciyarta tana bugawa a hannuna.

Tsohuwar tana zaune a kan tabarma kusa da taga, rana tana dukan rabin fuskarta. Tun daga bakin ƙofa na gan su, uku-uku ƙarƙashin ido, da jerin gefen kunne, ba wani layi a kansu. Kaka ba ta iya hango su ba. Ta durƙusa da ƙyar, ta gaishe ta, ta ce wa tafinta ta roƙa mata izini. Tsohuwar ta ɗaga kai. Kaka ta miƙa hannu ta shafa ƙarƙashin idonta da yatsu biyu, ta bi zuwa kunne. Sai na ji ta ce, "Inna," da wata murya da ban san ta da ita ba, muryar yarinya ƙarama. Ta yi kuka sosai. Ni da na san ta tana tsawata wa sojoji, na juya na kalli bango.

Da ta natsu ta fito da takardar, tafinta ta yi bayani da harshensu. Tsohuwar ta karɓa ta duba, ta sa yatsa a kan ɗigon, ta taɓa nata. Ta yi magana a hankali.

Tafinta ta ce, "Ta ce tasu ce. Ta ce ba ta san gidan ba, a zamanin iyayensu an kwashi yara da yawa. Tana tambaya, ta dawo gida?"

Kaka ta ce, "Ba ta dawo ba."

Tsohuwar ta jinjina kai. Ta sake tambaya.

"Ta ce, a can inda aka kai ta, ta rayu?"

"Ta rayu. Ta yi aure, ta haife mu mu bakwai. Ta ga jikoki."

"Ta ce, ta tsufa?"

Kaka ta ce, "Ta tsufa har ta fi ni yanzu."

Da aka mayar mata, tsohuwar ta ƙura wa yarinyar da ke takarda ido. Sannan ta faɗi wata gajeriyar magana, ta sake faɗa. Tafinta ba ta juya mana nan da nan ba, sai da ta goge ido da bakin mayafi.

"Ta ce, ashe wanda aka tafi da shi ma yana tsufa." Ta rage murya. "Jikokinta biyu mata suna hannun yaran daji. Ranar da aka ƙone garin aka tafi da su daga rijiya. Uwarsu ta rasu a hanya."

Kaka ta kama hannun tsohuwar ta riƙe. Suka zauna haka, ba mai jin harshen wani. A ƙasa an ci gaba da daka. Na zaci an gama, har na fara tunanin yadda zan sauko da Kaka daga benen nan. Sai tsohuwar ta ɗago ta dube ni, ta dubi kyamarar da ke rataye a wuyana, ta yi doguwar magana tana nuna takardar, tana nuna fuskarta.

Tafinta ta ce, "Ta ce wannan an gane ta ne saboda an yi mata tsaga, kuma wani ya zauna ya zana. Ta ce su sun daina tsaga tun kafin a haifi yaran, malaman asibiti sun hana. Hoto kuma ko ɗaya ba a taɓa ɗaukarsu ba. Tana tambayarka, kai da aikinka ne, in shekaru suka yi yawa haka, ita ta mutu, nata da me za a gane su?"

Ta zuba mini ido tana jira. Kaka ma ta juyo tana jira. Na buɗe baki, na duba ko'ina a cikin kaina ban sami abin da zan ba matar ta juya mata ba.